Sabon Kashiya a Tsakiyar Canjin Kuɗi

Ranar Juma'a 17 ga Fabrairu 2023, bayan an sauko daga masallaci, wani yaro da ke aiki a ƙarƙashina ya ajiye mini takarda a kan tebur, ya juya bai ce uffan ba. Ya ninke ta gida huɗu kamar laya. Da na warware, sai na ga takardar barin aiki ce, layi biyar kacal. Ya ce ya gane aikin ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya son ya ci gaba da jawo wa reshe asara. Makonsa shida ke nan da farawa.

A lokacin ni ce mai kula da kashiyoyi a wani reshen banki da ke kusa da kasuwar Kantin Kwari a Kano. Ba zan kama sunan bankin ba, haka shi ma yaron, ko da yake da yardarsa nake ba da labarin. Na rubuta shi ne saboda masu karɓar sababbin ma'aikata irina, domin rabin kuskuren da ke ciki nawa ne.

Wane ne shi

Shekararsa 27. Ya karanci tsimi da tanadi, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shekara uku yana yawo da takardu a ambulan. A tsakanin nan yana koyarwa a wata makarantar kuɗi ta unguwarsu, albashin da ko kuɗin adaidaita-sahu bai cika isa ba. Shi ne ɗan fari, mahaifinsu ya rasu, ƙanne huɗu na kallonsa.

Kawunsa, ɗan kasuwa mai asusu da nauyi a bankin, shi ya miƙa takardunsa. Yaron ya zauna jarrabawa kamar kowa, ya shiga ganawa kamar kowa, ya ci. Amma a ransa ya riga ya yanke cewa alfarma ce ta shigar da shi, jarrabawar kuwa rufin asiri ce kawai. Wannan ban san shi ba sai daga baya.

Akwai kuma abin da mutanen gida ba su cika ganewa ba. Kamar yawancin kashiyoyin da na yi aiki da su, shi ma'aikacin kwantiragi ne: wani kamfani daban ya ɗauke shi ya turo wa banki. Albashinsa bai kama ƙafar na cikakken ma'aikaci ba, kuma sallamarsa ba ta da wuya. To amma a unguwa, da an ji "banki" an gama lissafi. Mahaifiyarsa ta yi sadakar waina, abokansa suka laƙaba masa "Manaja". Da wannan kayan a ka ya shigo mana a makon farko na Janairu.

Lokacin da ya faɗo

Da a ce wani ya zauna ya zaɓi mafi munin watan da za a fara aikin kashiya a Najeriya, da wannan zai zaɓa. Tun 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023. Mutanenmu kuwa, musamman 'yan kasuwa da na karkara, da tsabar kuɗi suke hulɗa. Sai a makonni biyun ƙarshe kowa ya farka.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Da safe kashiya zai karɓi kuɗi daga ma'ajiya ya sa hannu. Duk wanda ya zo ajiya zai miƙo tela (ba mai ɗinki ba, takardar da ake cikewa) tare da kuɗinsa. Kashiya ya ƙirga, ya duba ko da jabu, ya shigar a kwamfuta, ya buga hatimi. Da yamma dole abin da kwamfuta ta ce ya zo daidai da abin da ke cikin durowa. In ya gaza, shi ne gibi, mu muna cewa "an yi shot", kuma daga albashinka za a cire in ba a gano inda ya shiga ba. In ya yi rara ma laifi ne, don kuɗin wani ka riƙe. Ba a tashi sai kowa ya daidaita, saboda haka in kai kaɗai ka rage, sauran suna zaune suna kallon agogo suna kallonka.

A al'adar reshenmu, sabon kashiya yana zama a bayan tsoho kamar mako biyu yana kallo kafin a ba shi durowarsa. Ni kwana uku na ba shi. Layi ya fita har bakin titi, kanta ɗaya na zaune babu kowa, manaja na tambayata me nake jira. Na ce masa, "Ƙanena, bismillah, in ka kakare ka kira ni." Ya ce, "To, Hajiya."

Bai taɓa kirana ba.

Abin da na gani, da yadda na fassara shi

Kullum shi ke fara zuwa, wani lokaci yana tsaye tare da masu gadi kafin a buɗe ƙofa. Ba ya fita cin abinci. Duk rafar kuɗin da na'ura ta ƙirga sai ya sake ƙirgawa da hannu, wani sa'in sau biyu. In na tsaya a bayansa na ce yaya dai, sai ya ce, "Ba komai, Hajiya." Na sa shi a layin yara masu natsuwa, har na yaba shi a gaban manaja.

Yanzu da nake waiwaya, duk alamun suna nan a fili. Mai zuwa da asuba ɗin barci ne ya ƙaurace masa. Maimaita ƙirgar kuwa rashin yarda da idonsa ne. Shirun da na ɗauka natsuwa ce, tsoro ne kada tambaya ta tona masa asiri. Layinsa ya fi na kowa nawa, har wani Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Don Allah a canza mana wannan yaron, mun bar shago babu kowa." Na ga kunnuwansa sun ji, amma ban ce komai ba, don ni ma a ranar kaina ya ɗau zafi.

Ranar Asabar 28 ga Janairu muka buɗe, don a ƙarshen makon nan bankuna sun yi aiki har Lahadi. Kuɗin da aka kawo mana a ranar ban taɓa ganin irinsu ba. Buhu-buhu, wasu an tono su daga inda aka binne, sun yi danshi, sun manne da juna, suna warin ƙasa. Na'urar ƙirga sai ta shaƙe ta tsaya. Da dare ya yi aka zo daidaita lissafi, sai durowarsa ta yi gibin naira dubu hamsin, wato rafa ɗaya ta 'yan ɗari biyar.

Muka kwance komai muka sake ƙirgawa. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin hunturu. Sai da muka koma kan hoton kyamara muka gani: na'ura ta shaƙe a tsakiyar ajiyar wani mai sayar da atamfa, ya cire rafar ya gyara, ya mayar, ya lissafa ta sau biyu. Washegari na kira mutumin, ya duba littafinsa, ya ce gaskiya ne, a cire. Allah ya saka masa da alheri, ba kowa ke yin haka ba. Ko kwabo ba a taɓa a albashin yaron ba. A wurina magana ta mutu. A wurinsa kuwa shaida ce ta samu a kan abin da ya daɗe yana zargi.

A wannan Lahadin ne aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sai wahalar ta juya ta koma wata iri. A Janairu kuɗi sun yi mana yawa, a Fabrairu babu su. Babban Banki ya ce a riƙa bai wa mutum har dubu ashirin a rana a kan kanta, mu kuwa akwai ranar da dubu biyar muke rabawa, akwai ranar da kafin azahar sun ƙare. Netwok na ɗaukewa, tiransifa na maƙalewa, masu POS na yanka kuɗin caji yadda suka ga dama. Labarin farfasa bankuna a Ibadan da Benin na zuwa mana a waya, hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC da ICPC, na shiga rassa suna neman masu ɓoye sababbin kuɗi. Kashiya shi ne fuskar da mutum ke gani, don haka shi ake zagi. Wata tsohuwa ta yi masa kuka a kan kuɗin maganin jikanta. Shi da bai da ikon ƙara mata ko naira ɗari.

Gida ma bai tsira ba. Wayarsa ba ta hutawa: 'yan uwa, maƙwabta, ƙawayen mahaifiyarsa, kowa a taimaka masa da sababbin kuɗi. Sannan kawun nasa ya kira, yana son dubu ɗari biyu sababbi saboda hidimar biki. Ya ce wallahi ba shi da hali. Kawun ya ce, "Ashe dai ba ka da wani amfani a wurin." Wataƙila cikin raha ya faɗa. Kwana biyu bayan haka takardar ta iso teburina.

Zaman da muka yi

Na bari sai da aka tashi, na kira shi ɗan ɗakin da muke shan shayi. Abin da na fara faɗa shi ne abin da kowa ke faɗa: yi haƙuri, kowa da haka ya fara, kana ƙoƙari. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, na san kina faɗa ne don ki kwantar mini da hankali. Amma ni na san ba gurbina ba ne. Da ba don Kawu ba ai ba zan shigo nan ba. Kowa ya iya, ni kaɗai nake jan ƙafa."

A nan na gane lallashi ba zai yi ba. Mutumin da ya riga ya yarda cewa shi na bogi ne, duk yabon da ka yi masa yana shiga ne a matsayin tausayi, ko kuma hujjar cewa kai ma ya yaudare ka. Sai na tashi na ɗauko littafin da muke rubuta gibi da rarar kashiyoyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe masa watan Janairu. Mu biyar ke kan kanta a watan, har da ni a ranakun da na zauna don rage layi, kuma babu wanda sunansa bai fito ba. Tsohon kashiyanmu da muke kira Baba, wanda ya haura shekara goma yana aikin, sau uku ya fito. Shi sau ɗaya. Na kuma buga masa adadin mutanen da ya sallama kowace rana tun farawa. Na makonsa na shida ya ninka na makon farko har da ɗoriya.

Ya daɗe yana kallon littafin. Abin da ya fara cewa shi ne, "Har Baba ma?"

Manaja bai ji daɗin wannan ba da ya samu labari, kuma yana da hujja: littafin ba na nuna wa kowa ba ne, kuskuren abokan aiki amana ce. Na je na ba tsohon kashiyan haƙuri. Ya yi dariya ya ce da na tambaye shi da ya kawo na shekarun baya ma.

Me ke faruwa a nan

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko yana da ido. Makantar sabon ma'aikaci ita ce ba shi da ma'auni. Yana ganin kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga su da dare, amma na sauran ba ya ganinsu, don tsofaffin hannu sun iya gyara kuskure cikin daƙiƙa biyu fuska a sake. Bai taɓa ganin reshen a ranar lafiya ba, don haka bai san cewa abin da ya tarar annoba ce ba. Duk nauyin da ya ji, sai ya ɗauka raunin kafaɗarsa ne.

Da muka zauna muka rarrabe damuwar tasa, sai ta kasu. Akwai abin da da gaske bai iya ba tukuna: hannunsa bai faɗa da ƙirga ba, bai san yadda ake soke shigarwar da aka yi ba daidai ba, bai san lokacin da ya kamata ya tura mutum wurin na gaba da shi ba. Waɗannan koyo ne, kuma ni ce ban koya masa ba. Akwai abin da ko gwamnan Babban Banki aka zaunar a kujerar ba zai iya ba, wato ba da kuɗin da babu su. Sai kuma maganar Kawu, wadda ba ta da alaƙa da kanta ko kaɗan, amma ita ke ba sauran ma'ana. Ya cure ukun wuri ɗaya ya sa musu suna "ban iya ba".

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin irin wannan. A 1978 wasu mata biyu a Jami'ar Jihar Jojiya ta Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kan mata sama da 150 da suka yi fice a karatu da aiki, amma a ransu suna jin sojan gona suke yi, sa'a ce ko kuskuren wani ya kai su inda suke, kuma wata rana za a gano su. Bayanin ya yi kama da na yaron nan sosai. Sai dai ni ina ɗari-ɗari da saurin cewa wannan halin ne ke damun mutum, domin hakan yana mayar da matsalar gaba ɗaya cikin kansa. Yaron da aka ba horon kwana uku aka jefa shi gaban buhunan kuɗi masu danshi, in ya ji ruwa na neman cinye shi, ai gaskiya ya ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin tambayar. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma ba haka muke rainon yara ba. Yaron kirki a wurinmu shi ne wanda in babba ya yi magana zai ce "to" ya sunkuyar da kai. Mai yawan tambaya kuwa sai a ce ya cika surutu ko rashin kunya. Sannan ga digiri: yana ganin abin kunya ne mai digiri ya tambayi mai difloma yadda ake ɗaure rafa. Ga kuma tsoron ɗan kwantiragi, wanda ke ganin kowace tambaya tamkar sa hannu ce a takardar sallamarsa. Ni da na ce "in ka kakare ka kira ni" na ɗauka na buɗe ƙofa. A kunnensa cewa na yi: ranar da ka kira ni, na san ka kakare.

Abin da muka yi

Takardar ban karɓa ba, ban kuma mayar masa ba. Na ce zan riƙe ta mako biyu, in har lokacin yana kan bakansa zan miƙa da hannuna. Na mayar da shi kantar da ke jikin ta tsohon kashiya. Na ɗora masa doka: kullum kafin a tashi sai ya kawo mini tambaya uku, ko da ya san amsarsu. Da tambaya ta zama umarni, sai kunyar ta faɗi, don yanzu rashin yin ta ne laifi. A kwanakin farko tambayoyin na cika-baki ne. A kwana na huɗu ya tambayi abin da ya sa na dafe kai, don ya nuna mako shida yana bin doguwar hanya a kwamfuta a kan abin da maɓalli ɗaya ke yi.

Muka sa ya riƙa daidaita durowarsa da azahar, kada ya jira yamma, don in akwai kuskure a kama shi tun yana ɗanye. Na hana shi sake ƙirga abin da na'ura ta ƙirga lafiya, sai in ta shaƙe, kuma in ta shaƙe a fara daga farko. Abinci ya zama dole. Waya kuwa a kashe take har a tashi, 'yan uwa kuma amsa ɗaya ce: "Ba ni ke rabawa ba, kuma kyamara na kaina."

Ya faɗa mini yana mafarkin ƙirga, kuma daren Lahadi gabansa na faɗuwa har numfashi na yi masa wuya. Na ce in abin ya wuce wasu makonni bai lafa ba, ya ga likita. Ya zaro ido ya ce, "Dawanau kuma, Hajiya?" Asibitin masu taɓin hankali da ke can yake nufi. Na ce ba sai mutum ya yi tsirara a titi yake ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma ko likitan asibitin unguwa zai iya farawa da shi. Bai je ba. Barcin ya dawo da kansa a hankali, amma da bai dawo ba da na matsa.

Maganar Kawu ba ni na warware ta ba, in ma ta warwaru. Tsohon kashiyan ne wata rana suna ɗaure kuɗi ya ce masa, "Kai ɗan nan, kawunka ya kawo ka bakin ƙofa, mun ji. Tun da ka shigo, shi ke ƙirga maka?" Ban ji amsar da ya bayar ba.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Sai 13 ga wata Babban Banki ya bi umarnin. Irin kuɗin da ya sha wuyar karɓa a Janairu, su aka dawo mana da su, ya riƙa miƙa wa mutane suna godiya. Mako biyun da na ɗiba suka wuce, babu wanda ya tayar da maganar takarda. Da azumi ya kama a 23 ga Maris, layi ya ragu, ya fara ganin yadda aikin yake a ranar da ba gobara. Ya sake yin gibi sau ɗaya cikin azumin, na dubu biyu. Da kansa ya zo ya faɗa, ya gano inda yake kafin la'asar.

Ba zan ce shakkar ta bar shi ba. Har yanzu in aka yaba masa sai ya ce sa'a ce. Kuma har yanzu ɗan kwantiragi ne, abin da littafin gibi ba ya magani.

Bayan ƙaramar sallah ya zo karɓar takardarsa. Yana tsaye da ita a hannu ya ce, "Hajiya, da a ce ba lokacin canjin kuɗi na zo ba, da kin gane halin da nake ciki?"

Na so in ce eh. Sai na tuna wasu yara biyu da suka zo kafin shi, a shekarun da komai ke tafiya daidai. Su ma ba sa tambaya, su ma "ba komai, Hajiya" suke cewa. Ɗaya ta yi wata biyu, ɗaya wata uku, suka daina zuwa. A rahoton da na rubuta a kan kowannensu cewa na yi ba su da juriyar aikin banki.

Na ce masa, "A'a, da ban gane ba."